Kiɗan da ba ya cewa komai

Talata. Hazo ya rufe gari tun asuba, da na fita sayo ƙosai ko hasumiyar Gobarau ban hango da kyau ba. Wuta ta zo wajen ƙarfe tara, abin mamaki, sai na yi maza na jona laftof da waya da fitilar Umma duk a lokaci guda.

Aikin Alhajin shagon magani ne har yanzu. Jiya da dare ya kira ni sau uku, wai ya danna rahoton cinikin Janairu ya ga babu ko sisi, alhali shi ya san abin da ya shiga aljihunsa. Na ce masa kuɗinsa na nan, manhajar ce ke ruɗe. Ya ce to a warware ta kafin azahar.

Na zauna ke nan Kawu ya shigo da buhun yadi da rediyonsa. Ana gyaran rufin shagonsa na Ƙofar Marusa, don haka kwana biyu a zaurenmu zai kafa keken ɗinki. Bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma ƙofar ɗakina ba ta rufuwa tun daminar bara. Bai yi minti biyar ba kalangu ya tashi. Shata.

Na yi ta maza kusan awa ɗaya. Layi ashirin ne kacal na rubutun manhajar a gabana, na karanta su ya fi sau goma, amma duk lokacin da na kai tsakiya sai in tarar bakina yana bin 'yan amshi, kaina yana kaɗawa, abin da na riƙe a zuciya game da layin farko ya zube. Sai in koma sama. Har na kama kaina na rubuta wata kalma daga waƙar a wurin sunan fayil.

Na ɗauko iyafis na toshe kunne, na kunna abin da na saba: irin kiɗan nan mai sanyi da ake kira lofai, ganga a hankali, ɗan piyano, ƙarar ruwan sama a bayansa, babu muryar kowa. Minti goma sha biyar na gano matsalar. A JavaScript, yaren kwamfuta da aka rubuta manhajar da shi, watanni daga sifili suke farawa, Janairu 0 ne, Disamba 11, amma ranaku daga 1. Haka aka gina shi tun 1995 kuma haka aka bar mu da shi. Ni na tura 1 ina nufin Janairu, ita kuma ta je tana neman cinikin Fabrairu da ko kamawa bai yi ba. Na san wannan tarkon sarai, na taɓa koya wa Auta shi ma. Na cire ɗaya, kuɗin Alhaji suka dawo. Na fito zaure ina murmushi kamar wanda ya ci gasa.

Nan ne Kawu ya tare ni.

Ya ce, "Kai, mi kake ji a wanga abu da ka toshe kunne tun ɗazu?" Na miƙa masa. Ya sa ɗaya a kunne, ƙafarsa a kan keke, ya yi shiru yana jira. Can ya ce, "To yaushe za a fara?" Na ce ai shi ke nan, haka yake har awa uku. Ya ce wa ake yi wa? Na ce ba kowa. Ya ce mi ake cewa? Na ce ba a cewa komai, Kawu, shi ya sa nake sonsa.

Na yi ƙoƙarin bayani. Na ce aikina da kalmomi ake yinsa, ko da baki a rufe yake cikin kai ina maimaita sunayen abubuwa, wannan ya shiga nan, wancan ya fito can. Masana halayyar ɗan Adam, Baddeley da Hitch, tun 1974 suka nuna cewa akwai wani ɗan sashe na tunani da ke riƙe kalmomi na 'yan daƙiƙu, kuma ba shi da faɗi. In waƙa ta shigo da nata kalmomin sai su yi ta turereniya a ƙofa ɗaya. Balle Hausa, wadda ba sai na ba ta izini ba take shiga. Balle kuma Shata, da zai ɗauko mutum ya zagaya da shi gari gari, dole kana so ka ji inda za a sauke shi.

Kawu ya ce shi shekara talatin da wani abu yana ɗinki da rediyo a kunne bai taɓa liƙa hannun riga a ƙafar wando ba. Na ce ai hannu ne ke ɗinki. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Au, mu hannu gare mu, ku ne masu kai." Na ce wallahi ba haka nake nufi ba. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Sai ya nuna min cewa in zai yanka shadda mai tsada, ko zai lissafa awon babbar riga, shi ma rage murya yake yi. Ban taɓa lura ba. Ashe maganarmu ɗaya. Inda muka rabu shi ne abin da ya faɗa yana mayar min da iyafis: shi in waƙa ta fi ƙarfinsa yakan ajiye almakashi ya saurara, ni kuma na je na nemo wadda ba za ta taɓa fin ƙarfina ba.

Daga nan ya shiga labarin jana'izar Shata a Daura a 1999, yadda suka cika mota daga Katsina, labarin da kowa a gidan nan ya haddace. Yau dai ban katse shi ba.

Azahar. Alhaji ya turo saƙon murya yana sa albarka, bai ambaci cikon kuɗina ba.

Auta ta ce in riƙa sa karatun Alƙur'ani mana. Na gwada a azumin bara. Ayar nan ta ƙarshen Suratul A'araf da ta ce in ana karantawa a saurara a yi shiru ita ta hana ni sakewa, kullum ina jin kamar na bar baƙo mai daraja a tsaye ina danne-danne. Na daina.

Da la'asar na buɗe wayata na duba abin da na saurara a watan nan. Ruwan sama. Lofai. Ƙarar jirgin ƙasa na wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba. Ruwan sama kuma. Ko waƙar Hausa ɗaya babu, kuma ba wai na tsane su ba ne, a'a, na ajiye su ne sai na samu lokaci. Awa takwas zuwa goma nake yi a gaban allon nan, in na tashi kunnena ya gaji, shiru kawai nake so. To yaushe ne lokacin? Ina firamare na iya amshin waƙoƙi da yawa saboda zaman shagon Kawu. Ɗazu da bakina ke bi, rabin baitocin sun ɓace mini, ƙarshensu kawai nake cafkowa.

Wuta ta ɗauke ana kiran magariba. Tuwon masara miyar kuka. Umma ta ce na cika shiru.

Kawu ya tafi ya bar min katin memorinsa a kan tebur, naɗe cikin ƙyallen shadda, bai ce komai ba. Yanzu goma saura, batir kashi 31, janaretan maƙwabta yana ta ruri, kuma shi ma na lura ba ya hana ni aiki. Saura rahoton magungunan da suka kusa lalacewa, shi ma lissafin watanni ne. Katin yana nan gefen laftof, ban sa shi ba tukuna.