Gindin tiya

Ranar Talatar da ta wuce na leƙa rumfar ɗan ƙanwata a babbar kasuwar Katsina, ban gaya masa zan zo ba, sai na tarar da shi a bayan buhunan gero ya kifa tiya a kan cinya yana ƙwanƙwasa gindinta da 'yar guduma a hankali. Da ya ɗago ya gan ni sai ya ce, "Kawu sannu da zuwa, lanƙwashewa ta yi nake gyarawa." Na ce to madalla. Ban ƙara komai ba, don ƙarar gudumar nan na san ta kamar yadda na san muryar uwata. Kuma yaron nan fa shi ke kaɗa piyano a majami'armu ranar Lahadi, in ya lumshe ido yana waƙa har 'yan Zumuntar Mata na share hawaye.

Tun ranar ban yi barcin kirki ba, shi ya sa na ce bari in rubuta, ko shi ko wani irinsa ya karanta, tunda yanzu in ba a waya aka sa magana ba ba ku jin ta.

Ni na shiga awon hatsi a 1987, shekarar da aka cire Katsina daga jihar Kaduna. Ma'aikata sun dawo gida da iyalansu, gari ya cika, kowa na neman gero da dawa da wake, ga kuma tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida da ake kira SAP ya karya darajar naira, abin da ka saya da safe da yamma ya tashi. Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, ga marayun wana uku an kawo mini, ga kuɗin makaranta. Wani tsohon ɗan awo ne ya koya mini, ya ce kwano biyu ake yi. Na saye ka buga gindinsa ya fito waje, da shi za ka tafi kasuwar ƙauye, Charanchi ko Batsari. Na sayarwa kuma ka buga shi ya shige ciki. Buhun da ya kamata ya ba da tiya 40 sai in fitar da 43, wani lokaci har da ɗan ragowa. Ido ba ya gani, ai an ce ido ba mudu ba amma ya san kima, to ni na gane in ka iya toron hatsi a bakin kwano, ka haɗa da fara'a da tambayar lafiyar yara, idon ma sai ya ruɗe.

Kuma kada wani ya ɗauka ban san abin da aka rubuta ba. Ni ne fa nake karatun Littafi Mai Tsarki a gaban ikilisiya saboda Hausata ta fita. Maimaitawar Shari'a sura 25 ta hana mutum ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji, a surar nan dai aya 26 ta yi maganar mai ɓoye hatsi da jama'a ke tsine wa, ni kuwa da kaka nake cika sito sai tsakiyar damina da rumbunan manoma suka kwashe in buɗe. Idan zuciyata ta dame ni sai in ce ai Yusufu ma ya tara hatsi a Masar. Har gobe kuma ina ganin ajiya ita kaɗai ba zunubi ba ce, in babu mai ajiyewa wa zai kawo hatsi kasuwa a watan Agusta? Kuma kowa a layinmu haka yake yi, in ka ce kai kaɗai za ka cika awo jarinka ne zai narke, yaran nan bakwai da me zan ciyar da su? Ban sha giya da kuɗin ba, ban bi mata ba. Ushirina ban taɓa fashi ba, lokacin da aka yi rufin majami'a bandir biyu na kwano na bayar, aka tafa mini, daga baya aka zaɓe ni dattijo.

Duk wannan gaskiya ne, amma da tsohuwar nan ta zo ko ɗaya bai iya fitowa daga bakina ba.

Musulma ce, ƙosai take toyawa wajen Ƙofar Ƙaura, ta yi shekaru tana sayen wake a wurina. Ranar ta zo da kwanonta na gida a ƙunshe a mayafi, na auna mata tiya biyar, ta zauna a gabana ta sake aunawa ɗaya bayan ɗaya, ta biyar ɗin ba ta ko kai wuya ba. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ɗan nan, na wuce rumfuna nawa na 'yan'uwana na zo wurinka, don an ce ku 'yan Mishan ba ku cin amana." Alhajin da ke maƙwabtaka da ni ya ji, da ta tafi ya ce mini su ma a Alƙur'ani akwai sura guda ta masu tauye mudu, sannan ya ce, "Na san mahaifinka." Wannan ita ta fi yi mini ciwo. Mahaifina Bamaguje ne daga ƙasar Malumfashi, ciwo ya kai shi asibitin kutare na Babbar Ruga lokacin 'yan Mishan na SIM na riƙe da shi, can ya koyi karatu, can ya ba da gaskiya. Da ya warke mutane, yawancinsu Musulmi, wurinsa suke kai ajiyar kuɗi ba takarda ba shaida. Sunan da ya tara da guntayen yatsunsa shi na zauna ina sayarwa tafi-tafi.

Kuma ban tuba nan take ba, kada in yi ƙarya. Cewa na yi kwanonta ne ya yi girma. Sai da na ƙara shekara huɗu ina yi ina fasawa, ina cin jibin Ubangiji da hannun nan dai. Lokacin da na ɗauki buhun wake na nemi gidanta ta riga ta rasu, ɗiyarta ta karɓa tana tambayata na mene ne, na kasa faɗa, na ce tsohon bashi ne. Zakka mai karɓar haraji na Yariko ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu, shi wataƙila yana da sunayen mutanensa a rubuce. Ni dubban matan da na rage wa tafi ɗaya-ɗaya ina zan gan su?

Na zauna da niyyar rubuto shawarwari da yawa, sai na ga ba su da yawa. Ɗana, ka jefar da gudumar nan. Kwano ɗaya, da shi za ka saya da shi za ka sayar. In ka ce sana'ar ba za ta ciyar da kai a haka ba to ka bar ta, ka koma ko gyaran waya ne. Kai, a'a, kada ka bar ta, in duk masu tsoron Allah suka gudu kasuwa wa za a bar wa talakawa? Ka zauna, ka ƙara kuɗi a fili in ya kama, mai saye ya ji farashi da kunnensa ya yanke shawara, na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye riba, ban ce da sauƙi ba. Amma abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, mu yunwar gida ta tura mu, ku kuwa waya ce ta dubu ɗari uku da kaftanin Kirsimeti, kullum asuba kun liƙa aya a WhatsApp, ƙarfe tara kun zauna kuna haɗa tsohon wake mai ƙwari da sabo. Ko da yake yunwar ma ba hujja ba ce, ni na fi kowa sanin haka.

Kuma kada ka tashi gaban ikilisiya ka yi shaida da kuka kafin ka je wurin waɗanda ka cuta. Kai yanzu ka fara, ka san fuskokinsu, wasu ma ka san ƙofar gidajensu. Je ka cika musu tun suna da rai. Piyano ya jira ko Lahadi biyu ne, fasto zai sami mai kaɗawa.

Ban gaya wa uwarsa ba tukuna. Ranar Asabar zan koma rumfar, na ciro tsofaffin tiyoyina biyu daga ƙarƙashin gado, shekara talatin da wani abu ban bari kowa ya gan su ba, matata ma ba ta san ina da su ba. Zan ajiye masa su a kan buhu ya kifa ya duba gindinsu da kansa.