Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Shekarun da na yi ina rubuta wa mutanen ƙauyenmu wasiƙa

A makon jiya na tsaya ne a inda Baba ya amince aka rubuta sunana a makarantar boko. A 1976 ke nan, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin firamare kyauta ga kowa. Mu ne ɗiban farko a ƙauyenmu da ke gefen Funtuwa, lokacin muna cikin jihar Kaduna, don sai a 1987 aka yanke jihar Katsina. Kafin in shiga aji biyar hannuna ya faɗa, ina rubuta Hausa ba sai an duba mini ba. Wannan ya jawo mini aikin da ban nema ba, na zama mai rubuta wa mutanen unguwarmu wasiƙa.

Da ma akwai mai yi. Liman yana rubutawa da ajami, kuma mazan da suka yi nisa a karatun allo suna karantawa. Sai dai matar aure ba za ta zauna gaban Liman ta faɗi abin da ke ranta ba, kuma adireshin bayan ambulan sai da boko. Ni kuwa yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, kowane gida ina shiga har ɗaka.

Aiki kuma akwai shi. Da an gama kaka sai samarin gari su watse cin rani. Wasu Shagamu wajen fataucin goro, wasu Sabo ta Ibadan, wasu Agege a Legas. Akwai waɗanda damina ke dawo da su, akwai waɗanda sai su shekara uku ba a ga ƙeyarsu ba.

Kayan aikina biro ne da takardar da nake ɓallewa daga tsakiyar littafin rubutuna. Ambulan da kan sarki a gidan waya na Funtuwa ake sayo su. Yaran yanzu da yawa ba su san me ake kira kan sarki ba. 'Yar takarda ce da ake lasa a manna a bayan ambulan, shaidar an biya kuɗin kaiwa. A zamanin Turawa hoton kan Sarkin Ingila ne a jikinta, daga baya na Sarauniya Elizabeth. A zamaninmu hoton ya canza tuni, amma sunan ya zauna. Amsa kuma ta akwatin gidan waya na makarantarmu take zuwa, hedimasta ya raba bayan an tashi. Sati uku, wani lokaci wata guda. In saƙon na gaggawa ne sai a kai tasha a damƙa wa direban da aka sani. Ladana ƙwai biyu ne, ko ƙuli-ƙuli, ko sule, wato kwabo goma. Tun 1973 aka koma naira da kwabo, amma tsofaffinmu ba su daina cewa sule ba.

Wasiƙa tana da ƙa'ida, kuma ba a tsallake ta. Za a fara da “Takarda ta fito daga hannun wance zuwa ga wane. Bayan gaisuwa mai yawa, da so da yarda da aminci.” Sai a jero masu gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, har maƙwabta, don in aka manta da wani zai ji, kuma zai riƙe. Ainihin maganar takan zo can ƙasa, layi biyu ko uku. A rufe da “Haza wassalam.”

Duk cikin waɗanda na rubuta wa, Goggo ce ta fi zauna mini a rai. Yayar Baba ce, mijinta ya rasu, ɗanta na fari yana Shagamu yana aiki a hannun wani maigida mai goro. Ban taɓa jin ta faɗi sunansa ba, alkunyar ɗan fari. Takan shimfiɗa tabarma bayan Isha'i, ta matso da fitilar ƙwai kusa da gwiwata, ta juya fuska wajen bango, ta ce, “Rubuta wa mutumin Shagamu.”

“Me zan ce masa, Goggo?”

“Ka ce masa akuyarsa ta haihu, biyu, duk mata. Ka ce masa rufin ɗaki na yoyo ta gabas, amma kada ya damu, an tara ƙwarya.”

Sai da na girma na gane cewa labarin akuyar nan shi ne hanyarta ta cewa tana tuna shi kullum. A lokacin gani na yi wasiƙar ta bushe da yawa, don haka wata rana na ƙara layi ɗaya daga kaina: ina begenka ƙwarai. Al'adarta ce in na gama sai na karanta mata daga farko. Da na zo wurin, sai ta ɗaga hannu.

“Ni na ce maka haka?”

“A'a, Goggo.”

“Goge shi. Ai ya sani.”

Na goge. Daga ranar ban sake sa wa kowa magana a baki ba. Kuma abin da na ji a ɗakunan mutane, bashin da ake bin wane, yajin da wance ke shirin yi, cikin da ba a so a sani tukuna, ko Inna ban taɓa gaya wa ba. Ba wanda ya sa ni rantsuwa. Kawai an ɗauka cewa wanda aka ba biro an ba shi amana.

Cikin daminar 1982 hedimasta ya miƙo mini ambulan mai hatimin Shagamu. Da gudu na tafi gidan Goggo. Ta bar surfen da take yi, ta goge hannu a zane, ta jawo tabarma. Da na buɗe sai na ga ba hannun da na saba gani ba ne. Idon mai karatu yana riga bakinsa, kafin in furta komai na riga na ga layin farko: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Maigidansa ne ya sa aka rubuto. Zazzaɓi na kwana huɗu. An yi jana'iza kwana goma sha shida da suka wuce.

Har yau ban san daga ina dabarar ta zo mini ba. Na ce, “Goggo, rubutun ya cakuɗe, bari in kai wa Baba mu duba tare.” Baba bai iya boko ba, kuma ta san haka. Ta dube ni tsawon lokaci, ta ce, “To, je ka.” Ta koma bakin turmi.

A zaure na karanta wa Baba ita sau biyu. Bai tashi nan take ba. Ya aika aka kira Liman, ya sa Inna da wasu tsofaffi biyu suka riga su zuwa, kamar hira ce ta kai su. Sai bayan Azahar su Baba suka yi sallama. Ina raɓe a bakin ƙofa. Baba ya zauna, aka gaisa, aka yi maganar ruwa da gona, sannan ya ce, “Yaya, an aiko daga Shagamu. Jikin yaron nan ya yi tsanani.”

Ta yi shiru. Can ta ce, “Ya cika?”

Liman ya ce, “Sai haƙuri.”

Inna ta riga ta riƙe kafaɗarta. Goggo ba ta yi kuka a gabansu ba, salati kawai take maimaitawa. Da dare Baba ya kira ni, ya ce, “Ka yi daidai. Labarin mutuwa ba a jefa wa mutum shi yana tsaye.”

Na ci gaba da wannan aiki har na tafi sakandare, in na zo hutu ma nakan tarar ana jirana. Abin da ya kawo ƙarshensa wayar salula ce. A 2001 ta shigo Najeriya, cikin 'yan shekaru masu lema da kujera suka cika bakin titin Funtuwa, ka biya kuɗin minti ka ji muryar ɗanka. Ba zan raina wannan ba. Ɗana yana aiki a Fatakwal, kusan kullum sai mun gaisa, kuma nakan tuna Goggo da jiran wata guda a kan layi uku.

Amma shekara uku da suka wuce ƙanena ya rasu a Zariya da hantsi. Muna tsaye muna shawarar wa za a tura Kano wajen babbar 'yarsa, wadda ke da tsohon ciki, sai wayata ta yi ƙara. Ita ce, tana ihu. Wani ya riga ya sa hoton mahaifinta a WhatsApp da addu'a a ƙasa. Ita kaɗai ce a gida, tana tsaye a madafa, ba Inna a kusa da za ta riƙe mata kafaɗa. Na san wanda ya sa hoton bai yi da mugunta ba, so ya yi a yi wa mamaci addu'a. Duk da haka raina ya ɓaci ƙwarai, don da ya jira awa biyu da mun isa.

Lokacin da Goggo ta rasu, mata suka buɗe adakarta. A ƙarƙashin zannuwa suka sami wasiƙun Shagamu ɗaure da zare cikin leda, guda goma sha huɗu, har da ta ƙarshen. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba. Inna ta ce a ba ni, kuma suna wurina har yanzu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin kaset ɗin da Kawu ya aiko daga Jidda da muryarsa a ciki, da yadda aka aro rakoda daga ƙauyen da ke gaba da mu don a saurara.