Abin da aikin sa kai a dajin gabashin Jos ya koya min

Duk wanda ya taɓa zuwa taron dashen itace a Jos ya san yadda ake yi, watan Yuli ko Agusta ne, ruwa na zuba kusan kullum, a kawo dashe cikin leda a bayan mota, a tona rami, a ɗau hoto a sa a Facebook, kowa ya kama gabansa. Ni ma ta nan na shigo aikin sa kai kuma ban raina shi ba, don shi ke jawo matasa tun farko. Amma sai ka tsaya bayan an watse za ka gane cewa wahalar daji tana farawa ne lokacin da ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba, a lokacin kuma ƙafa ta ɗauke.

Abu na farko da ke kashe mana aiki wuta ce. Ciyawar da damina ta tara a tsakanin duwatsu tana bushewa ƙarau da zarar iskar hunturu ta kaɗa, kuma masu cinna mata suna da yawa, yara masu farautar gafiya da zomo, mai ɗiban zuma, manomi mai sharar gona da wuta ta kuɓuce masa, wani lokacin guntun taba kawai. Babbar bishiya mai kaurin ɓawo kaman ɗorawa ko kaɗanya tana iya jurewa, amma dashen shekara ɗaya da bai kai gwiwa ba, wucewa ɗaya ya gama da shi. Shi ya sa aikin da ya fi kowanne muhimmanci a wurinmu shi ne share layin wuta, a ɗau adda da fartanya da manjagara a kewaye wurin da fili mai faɗi wanda babu ko tsinke a kai, sannan a ƙona gefensa da wuri tun ciyawa na da sauran danshi, da sassafe ko da yamma liƙis lokacin da iska ta kwanta. Aiki ne mai cin baya, hannu duk kanta, ga ƙaiƙayin ciyawa, kuma babu abin ɗauka a hoto. Wani dattijo da ya yi aikin malamin daji kafin ya yi ritaya shi ya nuna mana cewa wuta ta fi gudu in tana hawa tudu, ya ce min "ɗana, kar ka taɓa tsayawa a samanta, ka bi ta gefe da ɗanyen reshe kana bugun gindinta." Na ce to Baba, kuma wallahi na ga amfanin maganar nan da idona.

Baban nan dai shi ya buɗe mana ido a kan kututture. Mu hankalinmu duk yana kan ledar dashe, shi kuma yana nuna mana tohon da ke fitowa a gindin bishiyoyin da aka sare, maje da ɗinya da taura da ƙirya. Saiwarsu na nan da rai a ƙasa tun shekaru, ta riga ta kai inda danshi yake, abin da kawai ake yi shi ne a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare shi daga wuta da bakin awaki. Ba ban ruwa, ba ɗaukar jarka a hau dutse da ita a watan Maris. Wannan ita ce dabarar da manoman Maradi a Nijar suka kama tun shekarun 1980, kuma an kiyasta ta dawo da itatuwa a fili kusan hekta miliyan 5 a ƙasar. Gaskiya abin yana damuna cewa dabara ce ta ƙasar Hausa, ga ta nan kusa, amma a taruka da wuya ka ji an ambace ta, sai lissafin dashe nawa aka raba.

Ba wai dashe ba shi da wuri ba ne, inda ƙasa ta mutu dole sai shi. Jos ta gaji ramuka da tarin ƙasa daga haƙar kuza da Turawa suka faro tun farkon ƙarni na 20, a irin wuraren nan babu kututturen da za ka yi rainonsa, shi ya sa tun da can aka cika su da itacen turare don yana jure ƙasa mara kyau kuma yana saurin girma. Ni ba na cikin masu zagin turare gaba ɗaya, yana ba mutane sandunan gini da itacen girki, duk wanda aka sara a can an bar wata ɗorawa ta huta ke nan. Amma a bakin rafi ko tsakiyar dajin asali ba na goyon baya, yana shan ruwa sosai kuma ƙarƙashinsa kusan ba abin da ke fitowa. Itatuwanmu na gida kuma kowanne da halinsa, irin ɗorawa sai an jiƙa shi ko an ɗan kankare ɓawon kafin ya tsiro da kyau, na kaɗanya da na maɗaci ba sa son ajiya, in ka bar su suka daɗe sun mutu, atili kuma sai mai haƙuri. Ga gara da ke jiran rani.

Wanda ke son ganin abin da kariya ke yi ya leƙa dajin Amurum kusa da Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take ƙarƙashin Jami'ar Jos. Wurin bai wuce hekta 300 ba amma an ga tsuntsaye kusan kala 300 a ciki, har da wani ɗan ƙaramin jan tsuntsun duwatsu da sai 1998 masana suka bayyana shi a matsayin jinsi na daban. Tsuntsayen nan da jemagu su ke cin 'ya'yan ɓaure da sauransu su watsa irin a ko'ina, wato in an bar daji ya huta yana da masu yi masa shuka.

Sai batun mutane, wanda ya fi komai wuya kuma ya fi komai daɗe min a rai. Mu daga cikin gari muke zuwa ranar Asabar mu koma, su kuma matan ƙauyen kullum suna nan, da itacen nan suke girki, wasu da shi suke biyan kuɗin makaranta. Wata uwa ta taɓa tare ni da ɗaurin itace a ka ta ce "yarona, ka ce kar in sara, to da me zan dafa wa jikokina, iskar gas ɗin za ka saya min?" Na ce Mama gaskiyarki, don ba ni da wata amsa. Daga baya da aka zauna da mai unguwa da matan da makiyayan da ke wucewa ta wurin, da Hausa duk ake maganar ko wane yare mutum yake, aka yi yarjejeniya cewa rassan da muke datsewa daga toho nasu ne, busasshen itace ma nasu ne, ciyawar layin wuta kuma masu dabbobi su yanka su kwashe kafin a ƙona. Tun daga nan su ke fara kiranmu a waya in sun hango hayaƙi, wani lokacin ma kafin mu iso sun kashe.

Masu gawayi ne har yanzu ba mu samu bakin zaren ba, don yawanci ba 'yan wurin ba ne, da dare suke shigowa da injin yanka, ƙirya suke nema sabida gawayinta ya fi daɗewa a wuta, kuma muddin buhu na tsada a kasuwa za su dawo. Mun kai maganar gaba, muna kuma ci gaba da rainon tohon kututturen da suka bari. Bana za mu fara share layin wuta makon farko na Nuwamba in Allah ya kai mu, gefen dutse za mu fara don nan ne ciyawa ke rigan bushewa, kuma hannu muke nema sosai daga lokacin har zuwa faɗuwar ruwan Afrilu.