Shekarar 2025 Tsakanin Kukan Kasuwa da Ribar Hannun Jari

Duk wanda na zanta da shi a Kantin Kwari a ƙarshen 2024, kukansa ɗaya ne: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, jari sai narkewa yake yi. Ban ga laifinsu ba, domin hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba. Abin mamaki, a shekarar 2024 kasuwar hannun jari ta Legas ta tashi da sama da kashi 37, wato da ƙyar ta tsere wa tsadar kaya. Ni dai, tunda Babban Banki ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 a watan Nuwamban 2024, na yanke shawarar ba zan ci bashi don faɗaɗa sana'a a 2025 ba.