Garfield da takwarorinsa

Yau 19 ga Yuni, ranar da Garfield, muzurun nan na zanen barkwanci, ya fara fitowa a jaridu 41 na Amurka a 1978. Aikin da ya cinye yinin shi ne warware hotuna da rubuce-rubucen da aka cusa cikin jaka ɗaya a kwamfuta, duk da suna "Garfield" tsura. Nan matsalar take, domin masu sunan suna da yawa, kuma da ka buga shi a intanet muzurun ne ke danne kowa.

Da safe na fara da shi. Jim Davis, mutumin jihar Indiyana, shi ya ƙirƙiro shi, kuma zanen ba shi da wuyar ganewa: na ranakun mako gida uku ne a jere, na farko ya shimfiɗa zance, na biyu ya ja shi, na uku ya kawo abin dariyar. Na Lahadi ya fi tsawo. Garfield ba ya buɗe baki ya yi magana, tunaninsa ake rubutawa a cikin kumfa, shi ya sa maigidansa Jon yake ta surutu shi kuma yana ba shi amsa a zuci. Malalaci ne, ga ci, ga ƙin jinin Litinin.

Sunan gado ne. Davis ya ɗauko shi daga kakansa, kakan kuma an raɗa masa ne don James A. Garfield, shugaban Amurka na 20. Takardun wannan shugaba su suka fi cin lokaci bayan azahar. An rantsar da shi a Maris 1881, Charles Guiteau ya harbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Washington ranar 2 ga Yuli, bai cika ba sai 19 ga Satumba. Harsashin bai taɓa wurin da zai kashe shi nan take ba. Likitoci ne suka yi ta zura yatsu da ƙarafa marasa tsabta cikin raunin suna laluben harsashi, har ciwon ya ruɓe. Alexander Graham Bell, mai ƙirƙiro wayar tarho, ya kawo na'urar gano ƙarfe don neman harsashin, amma gadon yana da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin katifa, kuma babban likitan, Bliss, ya kafe a duba ɓangaren dama kawai, alhali harsashin yana hagu. A ganina taurin kan nan ya fi bindigar ɓarna.

Sauran ba su ba da wahala ba: Andrew Garfield ɗan fim, Garfield Sobers gwanin wasan kurket na Barbados, da Garfield Todd, firaministan Kudancin Rodeshiya daga 1953 zuwa 1958. Akwai kuma garin Garfield a jihar New Jersey.

Tsarin da ya raba gardama kafin magariba: kowane fayil ya ɗauki cikakken suna, sannan sana'a, sannan shekara. A wajen bincike kuwa, a haɗa sunan da 1881 in shugaban ake nema, da "Jim Davis" in muzurun ne. Sobers da Todd a jera su ƙarƙashin S da T, tunda a wurinsu Garfield sunan yanka ne, ba na iyali ba.