Yoyon da ba ya bayyana sai an ɗauke wuta

A manyan tankunan kifin ado akwai wani ɗan akwati da ake liƙawa a lungu daga ciki, mai haƙora a bakinsa kamar matsefi. Ruwan saman tanki na malala ta haƙoran nan, ya bi bututu zuwa ƙaramin tanki na ƙasa inda ake tace shi, sannan famfo ya sake turo shi sama. Muddin famfo na aiki, ko silikon ɗin da ya riƙe akwatin, wato gam ɗin da aka liƙa shi da shi, ya saki ba wanda zai sani, domin ruwan da ya zurara ta tsagar ma ƙasa zai tafi, a dawo da shi. Sai an ɗauke wuta asiri ke tonuwa. Kamata ya yi ruwa ya tsaya da zarar ya sauka ƙasa da haƙoran, amma sai ya ci gaba da sulalewa ta tsagar, in gindin bututun da ke cikin akwatin bai kama da kyau ba, har tankin ƙasa ya cika ya tumbatsa. Tanki mai lita 400 ya isa ya jiƙa kafet ɗin falo kaf. A ƙasar da ɗauke wuta ba labari ba ne, wannan gyara ba ya jiran gobe.

Abin da aikin ya fara koya mini shi ne kada in ɗauki silikon kafin in ga ramin da idona. Ina kashe famfo, in zare ruwan cikin akwatin, in goge shi tas da tsumma, in haska tocila. Ruwan babban tanki na danno shi daga waje, don haka ba a daɗewa sai ka ga wani siririn zare na ruwa yana gangarowa daga kusurwa. In kuwa ciki ya zauna a bushe amma ƙasan katakon da tankin ke zaune a kai na jiƙe, to matsalar tana mahaɗin bututun da ya ratsa gilashi.

Wannan mahaɗi ne masu ƙarfin hannu ke ɓatawa. Zoben robarsa yana zama ne a ɓangaren da ke da faffaɗan baki, ba ɓangaren noti ba, domin in noti ya murɗa a kansa sai ya tattare. Ɗaurin hannu ya isa, a ƙara kamar rubu'in zagaye. Wanda ya sa sifana ya danne da ƙarfinsa, ko ya tsaga robar ko ya tsaga gilashin. Shafa silikon a kan zoben ma ba dabara ba ce, santsi yake sa shi ya zame.

In tsagar a jikin akwatin take, nan ne rigima da mai tanki ke farawa. Kusan kowa cewa yake, “Malam, ka ɗan shafa a kai mana.” Sabon silikon ba ya kama tsoho da kyau. Dole a rage ruwa zuwa ƙasa da wurin, a kwashe kifi a roba mai tsabta da injin iska, a kankare tsohon da sabuwar reza har ɗan yatsa ya daina jin santsi a gilashi, a goge da sifirit, a bari ya bushe ƙarau. Kankarar nan ita ce cin rai, kuma ita ce aikin. A kula kada rezar ta kai ga silikon ɗin da ya haɗa bangon tankin kansa.

Silikon ma ba kowanne ba. Na kicin da banɗaki galibi akwai maganin fumfuna a ciki, kuma yana iya kashe kifi. Wanda aka rubuta na tankin kifi ne nake saye, mai warin tsami yana hawan hanci. Yana kama gilashi da gilashi sosai, amma riƙonsa a kan akirilik, robar nan mai kama da gilashi, ba abin dogaro ba ne. In akwatin na akirilik ne, sai an goge gefensa da samfefa an kuma sa silikon mai kauri ciki da waje.

Sai jira. Danshin iska ne ke busar da silikon, daga waje zuwa ciki, 'yan milimitoci a yini. Sama kan yi fata cikin mintuna, ciki kuwa ɗanye. Awa 48 ne mafi ƙaranci a wurina, mai kauri kuma har mako guda, musamman da hunturu lokacin da iska ba ta da danshi. Mai tanki zai yi ta waya yana cewa kifinsa sun gaji da zaman roba, ni kuwa ba na zuba ruwa sai warin tsamin ya ɓace.

Bayan an cika, ina zare famfo daga soket da gangan, in jira ruwan da ke gangarowa ya tsaya, in sa alama da salatif a daidai bakin ruwan tankin ƙasa, in bar injin iska kaɗai ya kwana yana aiki. Da safe in ruwa bai haura alamar ba, sannan nake karɓar cikon kuɗina.