Karen Wa?

A wani kanti da ke Titin Gidan Zoo a Kano abin ya samo asali. Na ɗauki madara da sabulu da ganyen shayi, na miƙa kati. Yaron da ke karɓar kuɗi bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Baba, sebin ko karen?" wato daga wane irin asusun banki zai cire kuɗin. Ban san daga ina maganar ta zo mini ba, sai na ji bakina ya ce, "Karen wa? Ni ko akuya ba ni da ita." Ya ɗago ya dube ni, ya tuntsire da dariya har ya manta adadin da zai danna. Matar da ke bayana ta rufe baki da mayafi. Na fito ina taku ɗai-ɗai kamar wanda aka yi wa naɗi.

Daga ranar na ɗauki abin sana'a. Mu Hausawa ai kowace gaisuwa da amsarta a ɗinke, kamar riga da wando. Ko ƙafa ba ta ɗaukarka, in an ce ina gajiya, "ba gajiya" za ka ce. A watan Afrilu, rana na neman narka kwalta, a ce maka ya zafi, ka ce "lokacinsa ne." Sai na shiga warware ɗinkin. Ina gajiya? Ga ta nan, tare muka zo. Ya gida? Na mai shi ne, ni haya nake. Ya iyali? Su suka aiko ni. In an ce a sa a leda, in ce a'a, a sa a littafin bashi. Wadda ta fi karɓuwa ita ce in an tambaye ni ko shi ke nan abin da zan saya, in ce ido bai gama ba, aljihu ne ya ce a tashi. Wannan ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba, kuma daga baya na gane dalili: kaina nake yi wa tsiya, kuma duk wanda ke layin ciwonsa ke nan.

Sai girman kai ya shigo. Na koma wurin yaron nan na sake jefa masa ta karen, ya yi murmushi. Karo na uku ko haƙori bai nuna ba, ya ce, "Sebin dai ko, Baba?" Wata rana kuma a wani kantin na'ura ta ƙi karanta lambar da ke jikin gwangwanin tumatir, na gyara tsayuwa na ce, "To, kyauta ke nan." Yarinyar ta ci gaba da goga gwangwanin a jikin gilashi, cikin ladabi ta ce, "Kai ne na shida yau, Baba." Na shida! Ni da na zaci daga kaina aka fara. Ashe abin da ya zo maka a take, ya riga ya zo wa duk wanda ya tsaya a wurin kafin kai, ita kuwa tun safe take tsaye tana shan maimaici.

Inda na fi sakewa shi ne wurin wani dattijo mai karɓar kuɗi a shagon magani na unguwarmu. Shi Bakano ne, ni Bazazzagi, to ka san akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni, ba sai an nemi izini ba. In na shiga sai in ce, "Bakano, ko gaisuwa sai ka sa mata farashi." Shi kuma ya ce, "Taka kyauta ce, ai ba a cin ribar Bazazzagi." Kullum shi ke kayar da ni, ba a banza ake cewa Kano ko da me ka zo an fi ka ba. Amma da na gwada irin wannan da wani matashi a gidan mai, sai ya haɗe rai. Bai san wasan ba, ya ɗauka gori nake yi masa. Na ba shi haƙuri na ja babur ɗina.

Wadda ta fi yi mini ciwo ta faru a watan Fabrairun 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma transfa. Layi ya kai bakin ƙofa. Na tura kuɗi, an cire a wajena, alat bai shigo musu ba. Muka tsaya, ni da yarinyar muna kallon waya kamar masu duban wata. Don in sassauta zaman na ce, "Ƙila kuɗin sun tsaya sallah a hanya." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta wuce leɓe ba, wani daga baya ya ce, "Malam, a taimaka mana, tun azahar muke nan." Da alat ɗin ya shigo, tana haɗa mini kaya, sai ta ce a hankali, "Ka yi haƙuri da tsayuwar, Baba. Shekaranjiya wani ya nuna mini alat na bogi, a albashina za a cire." Na rasa abin cewa sai "Allah ya mayar da alheri, 'yata." Duk hanyar gida ina tunanin cewa ni ina iya juyawa in fita duk sanda na ga dama, ita kuwa ba ta da wannan damar, kuma cikin dariyar da na yi ta karɓa a kantuna, wata ba don maganata ta yi daɗi aka yi ta ba, don ni ne mai saye.

Tun daga nan hannu nake kallo. In dariyar gaske ce, hannun mai karɓar kuɗi yakan tsaya da aiki. In kuwa baki na dariya hannu na ci gaba da danne-danne, to ana jira ne in matsa. In akwai layi, amsar da aka gada nake bayarwa, lafiya lau, da godiya, in wuce. In wuri ya yi sarari, sai in jefa guda ɗaya gajeriya, in yi shiru in ba su fili, don na lura nasu ya fi nawa gishiri.

Yaron Titin Gidan Zoo shi ya tabbatar mini da haka. Ya daɗe yana cewa babu canji, yana cika mini da alewa biyu ko uku. Sai na riƙa tara su a kwalba ba tare da yara sun sani ba. Da suka kai ashirin, wata ranar Talata da kantin ba kowa, na ɗauki burodi, na zazzage su a gabansa na ce, "Ga kuɗinku, ƙirga." Ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, fuska a murtuke, har yana ɗaga wata sama yana dubawa a hasken fitila. Sannan ya turo mini su ya ce, "Baba, ai waɗannan tsofaffin kuɗi ne, wa'adinsu ya wuce. Sebin ko karen?"

Na ce sebin.